Haƙoran Tsuntsuwa da Murfin Filas

Litinin, 8 ga Satumba
Yaya ta ajiye min 'yarta Tsuntsuwa a shago kamar kullum, ta wuce wajen aiki. Shekararta uku da rabi. Yau ta ƙi cin burodi, wai haƙori yana cizon ta. Na ɗauko gilashin da nake duba cikin agogo da shi, na ce buɗe baki. Ikon Allah! Haƙoran sama biyu, daidai bakin dasashi, sun yi kalar tsatsar da ke kama agogo in gumi ya shige shi. Har da ƙananan ramuka. Me ke cin haƙori haka?

Laraba, 10 ga Satumba
Inna ta ce tsutsa ce, kuma ai na nono ne, za su zube. Na sake leƙawa har yarinya ta jiƙa min hannu da miyau. Ni dai ban ga tsutsa ba.

Asabar, 13 ga Satumba
Kwana uku ina lalube aljihun rigarta. Takardar alawa biyu kacal. Na tare mai kantin da ke jikin shagona, ya ce, "Haba mai agogo, alawa biyu ce za ta rushe baki? 'Yata biyar take sha a zama ɗaya, haƙora kamar na doki." Na san yarinyar, gaskiyarsa. To ina bambancin?

Talata, 16 ga Satumba
Mun kai ta asibitin haƙori ni da Yaya. Likitar ta ce ba yawan zaƙi kaɗai ba ne, har da sau nawa yake taɓa haƙori a wuni. Wai baki yana son hutu ya wanke kansa. In abin ya kai haƙoran tauna, sai cirewa. Yaya ta rantse ba daga gidanta ba ne. Na ce to Inna ce, da ɗan abin da take ɓoyewa a bakin zani. Yaya ta je ta yi mata faɗa, har da kuka.

Alhamis, 18 ga Satumba
Na ce bari in gani da idona. Duk abin da ya shiga bakin Tsuntsuwa, in ja layi a jikin kwali.
Ina cikin kwance wani agogon hannu, ta miƙo yatsa kan 'yan kusoshin nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. "Kawu, ba ni ɗaya." Kafin in ankara hannuna ya zuba shayi a murfin filas ya miƙa mata. Shayina kuwa, sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Haka nake raba ta da teburin tun tana rarrafe.
Kafin Yaya ta dawo, layi sha ɗaya. Tara nawa ne.

Juma'a, 19 ga Satumba
Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 29 ga Satumba
Na ba ta wani mataccen agogon bango, babba, tana juya hannayensa tana gaya min ƙarfe ɗari ya yi. A murfin filas kuma ruwa nake zuba mata. Ranar farko ta kurɓa ta ce, "Kawu, shayinka ya lalace." Ta yi kuka kwana biyu. Haƙoran tauna dai har yau fes, da safe ma na duba.
Ɗazu Yaya ta kurɓi filas ɗina, ta yamutsa fuska. Ta dube ni, ta dubi yarinyar. Na ce sukari ne ya ƙare.
Gwangwanin yana nan cike a ƙarƙashin tebur.
Gobe in na rufe shago zan biya wajen Inna. Gaisuwa ce dai. Da wata 'yar magana.