Takwararki Ta Yanke Wutsiyar Sunanta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Gaisuwa mai yawa da ban girma cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda kike hutawa a wurinsa. Bayan gaisuwa, mu nan Dutse lafiya muke, in dai lafiyar jiki ce. Na san waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji ba a aika musu wasiƙa, Fasto ma da zai gan ni da ya girgiza kai. To amma wa zan gaya wa? Maganar takwararki ce, Uwani, kuma ta fi ƙarfina.

Ki gafarce ni, dole yau in rubuta abin da bakina bai taɓa furtawa ba, wato sunanki. Maryamu. Ga shi nan a takarda.

Kin tuna kasuwar Shuwarin, ina zaune a gefenki kina sayar da daddawa? In mai saye ta ce miki Maryam, sai ki ɗago kai ki ce, “Ƙarasa mana 'yar'uwa, kada ki bar min wutsiyar suna a hanya.” A kwashe da dariya, ta ƙarasa, ki yi mata gyara. Kowa ya san abin da wutsiyar nan take nufi: mai ita majami'a take zuwa ranar Lahadi. Hakan bai hana su sayen daddawarki ba, bai hana su aiko mana da tuwon Sallah ba, ke kuma ki rama da Kirsimeti.

Ba ki ga wannan zamani ba, Inna. Uwani tana firamare kika tafi, yanzu tana sakandare, ta kusa kamo ni tsayi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ga kuma labaran da suke zuwa daga Kaduna, zukatanmu suka ƙi kwanciya. Tsakani da Allah, a unguwarmu ba wanda ya ɗaga mana yatsa. Hajiyar da muke haya a gidanta har ɗaki ta zo ta ce, “Maman Uwani, ku kwantar da hankalinku, mai taɓa ku sai ya fara bi ta kaina.” Na gode mata, na kuma yarda da ita. Sai dai tsoro ba ya jin rarrashi. Taya ta fashe a titi, sai in tsinci kaina ina tattara yara.

Ranar Asabar wata ƙawar Uwani ta yi sallama tana tambaya ko Maryam tana nan. Har na buɗe baki zan yi irin naki, sai ga Uwani ta fito a guje. Ta tare yarinyar a tsakar gida, ta kai hannu ta saki labulen ɗakinmu, inda kalandar majami'a take rataye. Kallon da ta yi min a lokacin roƙo ne.

Da yamma muna tsintar shinkafa ta gaya min komai. Tun da ta shiga sabuwar makarantar, ita da bakinta ta ce musu sunanta Maryam. Hausa tamu ce, mayafinta irin nasu, sunan babanta ma irin na kowa, wa zai gane? In azahar ta yi sai ta ce tana fashin salla, ko ta sulale bayan aji. Ba wanda ya tilasta ta. Ta ce ta gaji ne da kallo, ta gaji da a riƙa tambayarta yadda aka yi Bahaushiya ta zama Kirista, kuma tana tsoron ranar da abu zai tashi a nuna ta. Ta ce, “Harafi ɗaya ne fa, Mama. Yesu ai ya san zuciyata.”

Nan take muryarki ta faɗo min. Kin sha gaya mana cewa Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, da muryar mai tausayi yake zuwa, ya ce ɗan wannan ai ba komai. Kika ce tsoro gara ne, daga ciki yake cin rumbu, waje yana nan sumul. In an tsaya masa da sunan Yesu zai gudu, in an matsa masa gefen tabarma sai ya miƙe ƙafa. Duk na haddace, Inna. Ni ce ma nake koya wa wasu a zumuntar mata, har ana cewa ina da baiwa. Baiwa! Ashe a bakin murhun wani kowa gwanin girki ne.

Ga abin da ban iya gaya wa kowa ba. Da ta gama magana, wani lungu na zuciyata daɗi ya ji. Ya ce min ai gara haka, in abu ya tashi 'yarki ta tsira. Muryar mai taushi ce, daidai yadda kika kwatanta. Na tsawata mata cikin addu'a, ta yi shiru, amma duk safiyar da na ga Uwani ta ɗauki jakar makaranta sai muryar ta dawo. Babanta kuwa cewa ya yi a bar yarinya, guguwa ce za ta wuce. In ta wuce ta bar min 'yar da ta saba ɓoye Mai Cetonta fa? In kuma na tura ta gaba wani abu ya same ta, da wane ido zan dubi kaina?

Jiya bayan sujada na daure na zaunar da ita. Na gaya mata bangaskiya ba kayan cikin akwati ba ce, wanda ya kira mu ya fi abin da muke tsoro, kuma bai taɓa jin kunyarmu ba. Na ba ta labarin Shuwarin. Ta saurara har ƙarshe, idonta cike da hawaye, sannan ta ce, “To Mama, ke da kike cewa in faɗi sunan nan cikakke, ni ban taɓa jin sa daga bakinki ba. Faɗe shi in ji.”

Inna, na so in ce mata nawa shirun kunya ne da girmama ki, nata kuwa na tsoro ne, ba ɗaya ba ne. Amma yarinya tana jira, ba bayani take nema ba. Na buɗe baki, na ga fuskarki a tata, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Abin da ya fito kawai shi ne, Uwani. Ta share idonta ta tashi ta tafi wanke kayan makaranta.

Ya Ubangiji, kai da ka san tumakinka kake kiransu da sunansu, ka kira yarinyar nan da nata cikakke, tun da uwarta ta kasa. Ka riƙe ta a hanya da cikin aji, ka saka wa maƙwabtanmu da alheri, ka ba ƙasarmu salama. Ni kuma ƙarfina ya ƙare, ka yi min jinƙai. Amin.

Ki huta lafiya, Innata, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

'Yarki mai kewarki,
Rahila