Ni Na Buge Tsohuwar, Amma Wanda Ya Taimake Ta Aka Kama

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Anti Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata kafin ki saka wannan. Shawararku nake nema, kuma da gaggawa, don yau Alhamis ce, abin da nake tsoro gobe ne. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Shekarata ashirin da biyu, na gama sakandare ina gida, a wani gari nan ƙasar Kiru. Babanmu limami ne a unguwarmu. Ina da yaya namiji, yana da ƙaramar mota da yake harkokinsa da ita, tun bara nake damunsa ya koya mini tuƙi, a fili yake koya mini, ban taɓa hawa kwalta ba. Ranar Asabar da ta wuce ya raka ni dubiyar gwaggonmu a wajen Tudun Wada, da muka juyo bayan azahar hanya ba kowa, sai ya tsaya ya ce zo ki karɓa, ki kai mu kusa da Ƙafin Maiyaki. Wallahi murna na yi.

Kun san yanzu kaka ce, mutane na shanya masara a gefen kwalta su jera duwatsu don kar mota ta hau. Muna shan wata kwana sai ga shanya ta cinye kusan rabin hannun titin da nake bi. Ni tun ina ƙarama an hore mu ba a taka abinci, ko ƙwayar hatsi ce a ƙasa Inna sai ta sa ka ɗauke, to ban ma yi tunani ba, na murɗe sitiyari don kar in hau masarar, maimakon birki kuma ƙafata ta danna totur. Ashe akwai wata tsohuwa a ɗaya gefen, ita ce mai gadin shanyar, ta taso korar awaki. Na ji ƙarar. Har yanzu ina jin ta. Na ga zaninta ya yi sama, takalminta ɗaya ya faɗo kan gilashi.

Na kashe mota ina salati, na kama ƙofa zan fita sai Yaya ya fizgo ni ya mayar da ni kujerarsa, ya zagayo ya ja motar. Ina kuka ina cewa Yaya mu koma, ta motsa, na ga ta motsa, shi kuma yana cewa ke ba ki san mutane ba, in suka fito daga gona ƙone mu za su yi da motar. Ba mu tsaya ko'ina ba sai gida. Washegari ya kai motar wajen mai gyaran jikin mota a wani gari, ya ce masa saniya ya buge.

Da a nan abin ya tsaya ma da nauyinsa ya ishe ni. Ranar Talata ina tsakar gida ina wanki wata mata ta yi sallama, goye da jariri, ta ce wajen Malam ta zo. Ni na shimfiɗa mata tabarma, ni na kawo mata ruwa, na tsaya bakin ƙofa ina ji. Mijinta direban a-kori-kura ne, ya sauke buhuna yana komawa shi kaɗai ya tarar da tsohuwar a yashe, ya ɗauke ta ya kai asibiti. Da 'ya'yanta suka zo suka ga jini a rigarsa da motarsa, sai suka riƙe shi, wai in ba shi ya buge ta ba me ya sa ya ɗauke ta, motoci nawa suka wuce ba su tsaya ba. Gaban motarsa kuma dama a lotse yake tun tuni. Yanzu yana hannun 'yan sanda, Litinin za a kai shi kotu. Tsohuwar an wuce da ita Kano, ba ta farfaɗo ba balle ta faɗi kalar motar.

Matar ta ce, “Malam, mutumin nan ko kaza ya gani a hanya sai ya taka birki, har faɗa muke yi kan tsaye-tsayensa. Ni ba abin da na zo nema sai Allah Ya tona asirin wanda ya yi.” Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce duk inda azzalumin nan ya ɓuya Allah Ya hana shi sukuni har sai ya fito. Ya waigo ya gan ni ya ce, “Ke kuma kin tsaya kamar gunki, ba za ki ce amin ba?” Na ce amin. Na koma kan wankina.

Jiya na kira wata ƙawata da muka yi makaranta tare, mijinta yana aiki a kotu, na ce mata labari na ji a rediyo ina son sanin hukuncinsa. Ta tambaye shi ina ji ta waya. Ya ce tuƙi ba lasisi laifi ne, wanda ya ba da motar shi ma yana ciki, guduwa a bar mutum a kwance laifi ne daban mai zaman kansa, gyara motar kuma za a ce ɓoye shaida ne. Ya ce ko da direba ya ji tsoron jama'a, abin da ake so ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa, da haka aka yi da sauƙi, sau da yawa ma manya kan shiga, dangi su ce ƙaddara ce sun yafe. Amma wanda ya gudu sai an kamo shi, ba mai tausaya masa. In kuma ta rasu, maganar ɗauri ce. Na ce to in mace ce fa? Ya yi dariya ya ce ai akwai ɓangaren mata a gidan yari.

Na samu Yaya na gaya masa komai, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce ba wanda ya gan mu, direban ba shi da laifi don haka dole a sake shi, in yi shiru. Na ce in ba a sake shi ba fa? Ya ce in tuna yana da mata da 'ya'ya biyu, in tuna Baba na da hawan jini, in tuna wa zai ƙara bin Baba salla in aka ji 'yar liman ta buge tsohuwa ta gudu. Daga ƙarshe ya ce in na kuskura na buɗe baki, zai rantse shi ke tuƙi, ya tafi gidan yari a maimakona, in zauna da wannan har in mutu. Tun daga nan bai ƙara shigowa gida ba, wayata ma ba ya ɗauka.

Ɗazu da safe dangin direban suka dawo. An tsayar da magana gobe bayan sallar Juma'a za a taru a zaurenmu a ja Yasin a kan wanda ya yi abin, Baba ne zai jagoranta. Inna ta ce ni zan share zauren in shimfiɗa tabarmi.

'Yan uwa, ni na san mutumin nan ba zai shiga kotu da laifina ina kallo ba, amma ban san ta inda zan fara ba. In durƙusa gaban Baba in faɗa masa kafin su zauna, ko in fara neman lauya? In na kai kaina yanzu bayan kwana biyar, za a rufe ni a ranar ne ko ana ba da beli? Akwai yadda zan faɗi gaskiya ba tare da an ɗaure Yaya ba? Masu ilimin addini, in Allah Ya karɓi ran baiwar Allah nan, me ya hau kaina? In akwai lauya ko ɗan sanda a cikinku, ku taimaka ku yi magana yau, Anti Admin za ta turo mini. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya gaya mini abin da zan yi kafin a sauko daga masallaci gobe.