Mai Gadin Acici

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Ya jikin Umma? Ki ce mata rigar sanyin ta iso, kullum tana jikina, don ɗakin da nake wuni ya fi firij sanyi.

Kin tambayi aikin da Kawu ya ba ni. Yaya, aikin kallo ne. A bayan wurin gwajin jinin da yake kula musu da kwamfutoci akwai wani ɗan ɗaki ba taga. Nan aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba, wadda sakamakon kowane majinyaci ke shiga cikinta. Allonta baƙi ne, ba hoto, sai farin rubutu. Da safe in rubuta kalmar “top” in danna, in ƙara danna babban M, sai sunaye su jeru, wanda ya fi cin memori a sama. Kullum ɗaya ce a saman, manhajar sakamako. Kawu Acici yake kiranta.

Ya ce ciwo gare ta, in ta ci memori ba ta sakewa. Da safe tana kan kashi goma sha biyu cikin ɗari, kafin rana ta take ta wuce saba'in. In ta cika sai saba ta sandare, a yi rabin yini ana tashinta. Aikina shi ne in ta kai tamanin in rubuta layin umarnin da ya manna a gefen allo, ta mutu ta farfaɗo. Amma ba kai tsaye ba. Kusa da ita akwai wata lamba mai nuna ko tana cikin aiki. In wannan tana sama, to ana shigar da sakamakon wani, dole in jira ta sauko, in ba haka ba ya ɓace a sake ɗibar jinin mutum. Shi ya sa Kawu ya ce abin sai da ido.

Sati biyu ne kawai, in ji shi. Wanda ya rubuta manhajar zai zo ya gyara, sannan a kai ni a sa ni aji ɗaya na sakandare.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya ƙoƙari, ya rigimar jaririya? Ni lafiya lau, sai ɗan mura.

Yau sati bakwai, mai gyara bai zo ba. Ko bayi zan shiga sai na duba allo na lissafa ko zan dawo a kan lokaci. Ba a shiga da abinci, a bakin ƙofa nake ci a tsaye, ido ɗaya a ciki. Matar da ke karɓar mutane a gaba in ta gan ni sai ta ce, “Mai gadin Acici, an fito shan iska? Ya uwar ɗakin taki, ta ƙoshi?” Kowa ya yi dariya, ni kuwa kin san ni, sai in sunkuyar da kai.

Jiya na ji Kawu da mai wurin a bayan ƙofa. Kawu yana roƙo a kira mai gyaran. Mai wurin ya ce, “Na'urar da ta kusa wata biyu ko tari ba ta yi ba, me za a gyara mata?” Kawu ya ce, “Ranka ya daɗe, yarinyar nan ce ke riƙe da ita.” Ya ce, “To madalla, ta ci gaba da riƙewa mana.”

Sai a lokacin na gane, Yaya. Da ina sakaci da tuni an gyara. Ni na ɗaure kaina da hannuna. Ran Juma'a makarantar za ta rufe ɗaukar sababbi, in ta wuce sai baɗi. Na so in yi wa Kawu magana a hanyar gida, sai na ɓige da yi masa hirar sanyin ɗakin.

Zan faɗa miki abin da na ƙulla, kada ki gaya wa Umma. Ran Alhamis mai wurin yana nan. Zan bar Acici ta cika, saba ta sandare a gabansa.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna sun yi sanyi.

Ɗazu da tsakar rana Acici ta kai tamanin, na zauna a kan hannuwana. Tamanin da takwas. Casa'in da uku. Allon ya fara nauyi, lambobin suna daɗewa kafin su canza. Sai na tashi na ɗan buɗe ƙofa in sha iska.

A kan benci akwai wani tsoho, auduga manne a hannunsa, 'yarsa tana yi masa fifita da katin asibiti. Tana faɗa wai tun jiya bai ci komai ba saboda gwajin, kuma sau uku aka soke shi kafin a samu jijiya. Matar gaba ta ce, “Baba, ka ƙara haƙuri, naka ake shigarwa yanzu.” Ya ce, “'Yata, ku dai yi a hankali, jinin ne babu saura.”

Na waiwaya, ɗaya lambar ta yi sama. Nasa ne.

Na koma na zauna ina kallonta ina addu'a. Ban san tsawon lokacin ba. Tana saukowa na rubuta layin, a casa'in da shida. Acici ta mutu ta tashi, ba wanda ya san an yi komai. Tsohon ya karɓi takardarsa suka tafi. Mai wurin ya leƙo ya ce wa Kawu, “Ka gani ko? Lafiyarta ƙalau.”

Ba zan iya ba, Yaya. Ko na sake gwadawa, wani ne zai kasance a kan bencin. Na janye maganar ɓoye wa Umma, ki karanta mata wasiƙun duka. In da hali ki zo da kanki gobe da sassafe ki yi wa Kawu magana, ke yana jin nauyinki. Ki taho da takardar shaidata ta firamare, tana ƙasan akwatin Umma. Ƙarfe sha biyu makarantar za ta rufe ɗaukar.

Zan tsaya nan, Acici ta sake kaiwa saba'in da tara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta