Mugun Jinin da Baba Na'Allah Ke Cirewa

Litinin, 5 ga Yuli, 1954. Kebbe.
Wata biyu ke nan da na faɗo daga keke a hanyar Tambuwal, kututture ya yage mini ƙwauri. Ɗan ciwon da ko ɗan akuya zai warke a mako guda, ni ya zame mini gyambo. Na gama koya wa yara karatu, ƙudaje na bin ƙafata kamar mahauci. Ga ciwon kai kullum.

Alhamis, 8 ga Yuli.
Takarda ta zo. An ba ni gurbi a makarantar horon malamai, amma sai likita ya duba ni a Tambuwal ran 2 ga Agusta. In ya ce ban da lafiya, wani za a ba. Shekara uku ina jiran wannan takarda!

Juma'a, 9 ga Yuli.
Baba Na'Allah wanzami, aminin marigayi babana, ya sake yi mini ƙaho a ƙeya. Karo na shida. Ya nuna mini abin da ya fito, baƙi ƙirin. "Ka gani? Mugun jini na, ɗana. Shi ka sa maka ciwon kai, shi ka hana mikin ga rufewa." Na ji sauƙi har la'asar. Da na miƙe sai jiri.

Laraba, 14 ga Yuli.
Kai kamar ana daka. Na daka wa yara tsawa alhali ba su yi laifin komai ba. Na ji kunya.

Asabar, 24 ga Yuli.
Ƙaho na takwas. Na gaji da warin kaina.

Litinin, 2 ga Agusta. Tambuwal.
Likita Bature ko minti biyu bai yi a kan mikin ba. Fatar idona ya ja ƙasa, ya dubi tafin hannuna, ya ga tsagar ƙeya, ya girgiza kai. Malam Dogo, malamin asibiti, ya fassara: "Atiku, ya ce ba ka da jini. Shi as sa kai ka ciwo, shi as sa jiki ya kasa ɗinke kainai. Jinin da kaka kwasowa kaka zubarwa, shi na maganin."
Na ce mugun ne ake cirewa. Dogo ya ce, "Wa ka tantance shi cikin ƙaho?"
An ba wani gurbin. Sai baɗi, in ana raye. Na fito na zauna gindin itacen bedi, na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Talata, 3 ga Agusta.
Jajayen ƙwayoyi aka ba ni, da umarnin cin hanta da zogale. Wai zogale. Bature ya zo tun daga ƙasarsu ya koya mini zogale.

Juma'a, 20 ga Agusta. Kebbe.
Bakin mikin ya ja baya kaɗan. Ban ce don komai ba ne, wataƙila lokacinsa ne ya yi.
Baba Na'Allah ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa buzu. Mutumin da ya yi mini aski ran suna, ya ɗauki gawar babana. Kaina na sara kamar zai tsage.
Ya ce, "Yaya kan?"
Na ce, "Ya warke sarai, Baba. Hannunka na da albarka."
Ya yi murna ƙwarai, ya mayar da ƙahonninsa, ya sa mini albarka. Na raka shi har bakin hanya.