Waiwaye ta Kafaɗar Dama

Unguwar Zariya, Maraɗi
Oktoba 2023

Zuwa ga Gwaggo Tsahara,

“Fadila, wai me Alhaji ya yi miki da kike ta kallonsa a mota?”

Da wannan tambaya Hajiya Ramatu, uwar mijina, ta tare ni jiya, ko takalmi ban cire ba. Ki gafarce ni, Gwaggo, na sa magana gaban gaisuwa. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafar? Ya mutanen Tsibiri? Na rubuto ne don wayarki ta fi zama a mace tun da wuta ta zama baƙuwa, kuma na san ƙarata tana kan hanyar zuwa wurinki.

Kin san motar lantarkin da biro, wato ofishinmu, ya ba ni don zagayen famfunan sola a Jiratawa. Rana take ci, a rumfar biro. Tun da aka rufe iyaka esansi, man fetur, ya yi wuya, motar Baba, wato Alhaji surukina, tana ajiye a gindin bedi, kaji na kwana ƙarƙashinta. Shi ya sa kowace Talata nake kai shi garkarsa ta zogale, tunda hanyarmu ɗaya. Baya yake zama, hannun dama, kujerar manya.

Ga laifin nawa. Madubi ba ya nuna komai da komai. Akwai wani gefe, daidai ƙofar baya, da ɗan kabu-kabu zai shige shi da fasinjarsa da buhunta, ki duba madubi ki ga hanya fayau. Motar kuma ba ta da ƙara. Ɗan kabu-kabun Maraɗi da kunne yake tuƙi. Abin da bai ji ba, babu shi. Don haka kafin in karya dama, ko in koma hannuna bayan na wuce wani, sai na waiwaya ta kafaɗa. In na waiwaya, wa zan gani? Baba. Ido cikin ido.

Hajiya ta ce ita har surukinta ya rasu ba ta iya siffanta fuskarsa. Na ce Allah ya jiƙansa. Sauran amsar na haɗiye ta.

An kira mijina Shamsu a Agadas, ana maganar in ajiye tuƙi. Biro bai yarda wani ya taɓa motar ba sai ni. In na ajiye, ta koma, aikin Jiratawa ya bi ta, a ba ni tebur da fanka. Ba don fanka na yi karatun injiniya ba.

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki, Fadila

*

Tsibiri

Zuwa ga ɗiyata Fadila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta iso. Saƙon Hajiya Ramatu ya riga ta.

Ni na rene ki, kuma ni na koya miki karatu a aji, don haka ba bayanin madubi nake nema ba. Na gane shi sarai. Abin da ke ba ki gane ba shi ne, Alhaji Maman Lawali dattijo ne da ko matan ƙannensa ba su ɗaga ido gabansa. Yau ga matar ɗansa na juyowa tana duba shi a kowace kwana, kamar jandarma mai neman takardu. Ba rainin wayo kika nufa ba, amma abin da ya isa gare shi ke nan.

Ki daina waiwayen. Mota ta zo da madubai har uku, waɗanda suka ƙera ta ba mahaukata ba ne. Ki duba su da kyau, ki yi bisimilla. Surukuta ba a koyar da ita a jami'a, shi ya sa nake rubuta miki da babban baƙi: KI DAINA.

Ki gaida Hajiya, kuma ki durƙusa in za ki gaishe ta.

Gwaggonki, Tsahara

*

Zariya, Maraɗi

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Na bi umurninki, kuma ina so ki yi alfahari da ni: ranar Talata ko sau ɗaya ban waiwaya ba.

Mun fita da hantsi. Cikin gari na bi hanyar da babu karya dama, wadda ta zagaya da mu ta Sabon Gari. Baba ya yi gyaran murya. Muna hawa gudron, kwaltar Jiratawa, sai ga amalanken shanu gabanmu, an lafta masa damman hatsi har sama. Wuce shi ba wuya, motar nan in na taka ta kamar an harba ta. Komawa hannuna ne ke son in san abin da ke gefen dama, kuma kin san kaka ce, babura na kutsawa ta kowane lungu da kaya. Na duba madubai uku da kyau. Na yi bisimilla. Na zauna bayan amalanke.

Gwaggo, ban taɓa sanin bijimi na da natsuwa haka ba. Mai keke ya wuce mu. Wata mai tallan nono ta jera da mu har muka gaisa, na tambaye ta gida. Mai amalanken bai ma san muna nan ba, don bai ji mu ba. Yana kwance bisa hatsinsa yana waƙa.

Can Baba ya yi magana. Ba da ni ba, kin san ba ya yi. Da gilashin taga ya yi.

“Wai ita wannan mota ba ta wuce shanu?”

Ni ma na amsa wa sitiyari. “Tana wucewa, Baba. Komawar ce ke son waiwaye, kuma an hana.”

“Wa ya hana?”

“Manya.”

Ya ja carbi. Aka jima ya ce wa gilashin, “Madubin fa, na ado ne?”

“Yana nuna na nesa, Baba. Na kusa ne yake ɓoyewa.”

Haka muka ci gaba da tafiya, mu da shanu. Da muka isa, masu sayen zogalen da suka yi alkawari da shi sun gaji sun tafi garkar maƙwabci. Ya fita bai rufe ƙofa ba. Dawowa kuma a motar haya ya yi.

Na san abin da za ki ce. Amma ki duba: ban kalli surukina ba, ban kuma taka ɗan kowa ba. Abu biyun da aka nema ke nan, na kawo su. Lokaci ne kawai ba a sa cikin sharaɗi ba. In an karɓi makulli, an karɓa. Ba zan juya mota inda ban gani ba, ko wa ke zaune baya.

Shamsu ya kira. Ya fara faɗa, dariya ta ƙwace masa, ya kashe wayar don kada a ce yana goyon bayana.

Taki mai biyayya,
Fadila

*

Tsibiri

Fadila,

Bayan gaisuwa. Mai biyayya! Tun kina aji uku haka kike. In na ce ki yi shiru, sai ki yi shirun da ya fi surutu damun mutane.

Na karanta wasiƙarki ni kaɗai, na yi abin da Shamsu ya yi. Wannan tsakaninmu.

Jiya Hajiya Ramatu ta zo suna nan unguwarmu, ta biyo ta wurina tana huci. Ba ke ta kawo ƙara ba, mijinta ta kawo. Wai ranar Laraba ya sa an kori kaji, ya shiga tsohuwar motarsa ya zauna wurin direba, ya ce ta tsaya bayan mota ta hannun dama. Ta tsaya, cikin rana. Ya ce ta matso. Ta matso. Ya ce ta ƙara. Sai ta ji ya ce, “Ramatu, ina kika tafi?” Ta ce, “Ga ni nan kusa da kai, Alhaji, ina zan je?” Ya ce, “Ba ki cikin madubi.” Ta ce mace mai jikinta, a ce ba a ganinta! Ya sa ta ja da baya ta sake matsowa har zufa ta jiƙa mata mayafi, yana ta salati shi kaɗai.

Kada ki yi murna tukuna. Bai ce kin yi daidai ba, kuma ta ce har yanzu in an ambaci zogale sai ya tashi daga wurin. Gane madubi daban, yarda matar ɗa ta dube shi daban. Ranar Talata ki fito da mota ƙofar gida ki jira. In ya aiko a karɓi makulli, ki bayar da hannu biyu, ba gardama. Ni zan zo da kaina daga baya, da ƙafar tawa.

Allah ya yi miki albarka, ya rage miki kaifin kai kaɗan. Kaɗan dai.

Gwaggonki, Tsahara

*

Jiratawa, Talata

Gwaggo,

Ina gaishe ki. A gurguje nake, mai kai wasiƙar na jira.

Na fito da mota na jira, makulli a tafin hannuna. Baba ya fito da babbar riga, Hajiya na biye da buta da darduma. Ta buɗe masa ƙofarsa ta dama. Ya wuce ta, ya zagaya ta bayan mota, ya buɗe ta hagu, daidai bayan kujerata, inda ko na juya ba ma haɗa ido.

Hajiya ta ce, “Alhaji, nan ai wurin yara ne. Mutane na gani.”

Ya tattara rigarsa ya zauna. “Su gani. Ki gaya mata wancan gefen na bar mata, ta duba abinta. Kuma ki gaya mata in mun tarar da shanu, a wuce su.”

Hajiya ta buɗe baki za ta isar da saƙo, ya jawo ƙofa ya rufe.

Na duba madubi, na waiwaya ta kafaɗar dama, na ja mota.

Ɗiyarki, Fadila