Ɗinkin da Ke Cikin Hanjinka

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Injiniyana,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ranta ya ɓaci, amma sonta bai ragu ba ko ƙwayar zarra.

Jiya da la'asar Yayarka ta same ni a ɗakin bincike, hannuwana cikin safar roba. Ta ajiye ambulan a gefen madubin ƙara girma, ta kasa haɗa ido da ni. Zoben da na ba ka ne a ciki, da layi uku na rubutunka: wai likita ya ce ciwon kumburin hanjin nan ba ya rabuwa da mutum, wai ka zama bokiti mai yoyo, wai in nemi mai lafiya. Haba, masoyina! Ni za ka aiko wa wannan? Ni da na shekara shida ina kallon bangon hanji, har na fi saninsa a kan fuskokin maƙwabtana?

Ka tuna ranar da babban firjinmu na ɗakin bincike ya mutu, aikina na wata takwas yana narkewa a ciki? Ka shigo da jakar kayan aiki, ka durƙusa a bayansa, zufa na ɗiga daga haɓarka, kafin awa guda ya dawo yana gunji. Sai ka tambaye ni abin da nake wa kuka haka. Na ja ka gaban madubin ƙara girma, ka leƙa, ka ga korayen layuka kamar saƙar zuma. Na ce maka ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji ne, a jere kamar tayil, layukan kuwa furotin ne masu ɗinke su. Biyu daga cikinsu, masu suna kilaudin da okuludin, suna ratsa fatar kowace ƙwaya su riƙo 'yan'uwansu na ƙwayar da ke kusa, wasu kuma daga ciki suna ɗaure su gam. Su ke barin ruwa da gishiri su wuce daidai gwargwado, su tare ƙazanta da ƙwayoyin cuta. Ka ɗago, ka share goshi, ka ce, "Au, ashe robar ƙofar firji ce!" Na yi dariya da hawaye a fuskata. Wallahi tun ranar zuciyata ta bi ka ta sauka bene, ba ta dawo ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hasken safiyata. Kumburi yana sassauta ɗinkin nan, abin da bai kamata ya ratsa ba ya ratsa, ciwon ya ƙara tashi. Na ga yadda kake miƙewa daga kan abinci ba shiri, na ga sababbin hudojin da ka yi wa bel ɗinka, na yi shiru don kada ka ji kunya. Amma ka san shimfiɗar hanji tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki? Ka san in magani ya kwantar da kumburin, ɗinkin yakan koma ya kama? Da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Ciwon zai tafi ya dawo, haka ne. To, in ya dawo, wa ya fi cancanta ya tarar a gefenka? Kai da ba ka taɓa yarda a jefar da firji don robarsa ta saki ba, yau kanka za ka jefar?

Ina kewarka, kewar shuka ga damina. Kwana tara ke nan ba ka ɗaga wayata ba, kuma kowanne ya yi mini tsawon shekara.

Na gaya wa Umma komai, ban rage ba. Ta ce, "Ke kin ji tsoro?" Na ce a'a. Ta ce, "To, ni ma ban ji ba." Ranar aurenmu tana nan inda aka sa ta, ba mai matsar da ita.

Ranar Talata kana da ganin likita da ƙarfe tara. Na riga na ɗauki hutu. Za ka same ni a bencin da ke bakin ƙofa, da takardar tambayoyi goma sha ɗaya a hannuna. In ka ga dama ka ɗaure fuska, ka wuce ni kamar ba ka san ni ba. Zan tashi in bi bayanka, mu shiga tare.

Taka a ranar sauƙi, taka a ranar da jiki ya ƙi, har iyakar numfashina,

Mai Farar Riga