Zanzaro a Wayar Inna

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya yara, ya zaman Legas da wannan tsada? Mu nan Ɗanbatta lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Wayar da ka sa mana ta daina ƙara. Layi na nan, amma ko an kira shiru. Inna ta tare a gefenta, har ta fara cewa ka manta da ita. Na bi igiyar har zaure, ba inda ta tsinke. Jiya na kwance gindin wayar, ashe zanzaro ne ya yi gini a kan ƙararrawar!

Na ɗauko tsinke, Inna ta riƙe min hannu: “Kul! Matarka na da tsohon ciki za ka rushe wa wani ɗaki?” Na ce camfi ne, ta ce ba dai a gidanta ba.

Don Allah ka kira ran Juma'a bayan la'asar. Zan yi ta ɗagawa ina ajiyewa har in dace da muryarka. Gai da yara. A sa matata Hadiza a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya, wayar ma ta samu bakin magana.

Ƙaninka,
Habu